Fijo 504 A Hanyar Lau: Hattara Da Ƙafar Baya

Duk wanda ya taɓa tashi daga Jalingo ya bi ta Kunini ya gangara Lau, can bakin kogin Binuwai, ya san abin da hanya ke yi wa mota, balle da damina in ga buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi a baya. A irin wannan hanya Peugeot 504, watau Fijo, ta yi suna. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna, inda aka yi wajen shekara talatin ana fitar da ita. A 1975 ɗin ne kuma ta ci tseren motoci na Safari a ƙasar Kenya, ta sake ci a 1978.

Yau ta yi ƙaranci, kuma waɗanda suka rage galibi bayansu ya zauna. To, a nan ne 'yan'uwa mazauna kudu ke shigowa, domin su ake aika wa su sayo kayan gyara a kasuwar Ladipo ta Ikko, kuma a nan ake yin asara.

Ƙafar bayan 504 ba iri ɗaya ba ce. Doguwar, watau wagon, sifirin huɗu gare ta masu naɗi, biyu kowane gefe, a kan aksil guda. Akori-kura kuwa sifirin faifai take amfani da shi. Na ƙaramar dabam ne. Wanda ya ce wa ɗan kasuwa "na 504" kurum, abin da ke kusa za a miƙo masa, sai kaya sun isa Lau a ga ba su shiga ba, ga kuɗin mota an riga an biya.

Kada kuma a yi tsimi a canja gefe ɗaya. Sabon shokozoba a dama, tsoho a hagu, mota za ta riƙa karkata a kwana, da lodi kuwa tana iya kifewa. A haɗa da robobin bushin, don su ne masu araha, su ne kuma ake mantawa.

Wajen ɗaurawa, bakanike na ƙwarai ba ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai ya tokare ta da ƙarfe ko gungume. Sifirin da ke matse in ya kuɓuce yakan karya hannu. Notin bushin kuwa ba a ƙulle shi tamau sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta. In an ƙulle tana rataye, robar za ta murɗe ta yage kafin damina ta fita.

Saboda haka kafin a je Ladipo, a sa mai motar ya aiko da lambar jikinta, in da hali har da hoton tsohon sifirin.