Tufafi da wa'azin bishara a iyakar Bagudo: Abubuwan da ya kamata ka sani

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, don haka da wuya ka ga Kirista ya kafa lasifika a tsakiyar kasuwa yana wa'azi. Amma akwai wata hanya da zancen addini ke tashi ba tare da hayaniya ba, wato ta tufafin da mutum ya sa. Masu bishara a ƙasashe da dama sun mayar da wannan dabara ta musamman, sai dai yadda take aiki a bakin iyakar Benin ya sha bamban da yadda aka tsara ta a Turai da Amurka.

Daga ina dabarar ta fito?

Tushenta biyu ne, kuma sun saɓa wa juna. Na farko shi ne sajewa da mutanen gari. A 1890 wasu 'yan mishan na CMS, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, sun sauka Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, suka ajiye kwat da wando suka sa babbar riga da rawani, don kada a yi musu kallon baƙi tun kafin su buɗe baki. Wani ɗan mishan, Hudson Taylor, ya riga su yin haka a ƙasar Sin. Brooke da Robinson sun rasu cikin shekara biyu ba su kai Kano ba.

Na biyu shi ne fita daban da gangan. A shekarun 1990 matasan coci a jihar Mishigan ta Amurka suka fara ɗaura wani zare a hannu mai haruffa huɗu, WWJD, waɗanda ke taƙaita tambayar abin da Yesu zai yi in shi ne a wannan hali. An bar haruffan a dunƙule ne don mai kallo ya tambaya, tambayar kuma ta buɗe hira. Akwai kuma riguna da huluna masu lambar aya, irin su Yohanna 3:16, ba tare da an rubuta ayar ba.

Me ya kawo iyaka cikin maganar?

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba wannan yanki, ta bar Illo a hannun Ingila, ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu. Dandawa da Busawa da Kyangawa da Fulani suna nan a kowane ɓangare, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. Ta Tsamiya ake fita zuwa Segbana, ta Lolo kuma a nufi Malanbil, duka a Benin. Atamfa da gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano sun daɗe suna bin irin waɗannan hanyoyi zuwa Arewa, musamman bayan durƙushewar masaƙun Kaduna. Ko rufe iyakokin da aka yi a watan Agustan 2019 bai yanke zumuncin ba.

Abin da wannan ya haifar shi ne rubutun da ke jikin tufafi a nan yana zuwa da Faransanci da Ingilishi da Hausa, ga kuma dattawa da yawa da suka fi sabawa da ajami a kan boko. Rigar da aka buga wa gajeren zance mai hikima da Turanci, masu iya karanta ta ba su taka kara sun karya ba. Launi da hoto da ɗinki su ne kowa ke iya karantawa.

Zanen zumunta

A ganina nan ne ainihin maganar take. Kusan duk cocin da ke amfani da Hausa yana da Zumuntar Mata, ko a ECWA ko a UMCA, Katolika ma suna da Zumuntar Matan Katolika, kuma kowace ƙungiya da ankonta. Atamfa ce da aka buga wa tambarin ƙungiya a cikin da'ira, wani lokaci da hoton buɗaɗɗen littafi ko gicciye, ga aya ta zagaye shi, ana maimaita zanen daga wannan baki zuwa wancan. Ana ɗaura zane, a sa riga mai rufe jiki, a kafa ɗankwali. Daga nesa ba ka bambanta mai shi da kowace matar aure a unguwa, sai ka matso ka ga tambarin.

Ka ga ke nan zanen ya haɗa tushen nan biyu ba tare da wani ya zauna ya tsara ba: ɗinkin na gari ne, bugun kuma na coci. Kuma mata ba a ranar Lahadi kaɗai suke sa shi ba. Da shi suke zuwa gaisuwar mutuwa da barka da dubiyar mara lafiya, su goma ko ashirin a jere, ɗauke da tulu da sauran kayan kiɗansu in taron na murna ne. Tambayar da kan biyo baya ta mata ce zalla.

"Yaya, wannan ankon na bikin wa ne, ba a gaya mana ba?"

"Ba na biki ba ne, Hajiya, na zumuntarmu ne. Yau ranar dubiya ce."

Sau da yawa zancen a nan yake tsayawa, a koma kan tsadar yadi da wane tela ya iya wuya. Wani lokaci kuma yakan zarce zuwa me aka rubuta, me ya sa ake wannan ziyara. Tun da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, da sunan Allah yake amfani, maƙwabciyar da ta iya boko takan ga kalmomin da ta sani. Abin da ke sa a yi tambayar tun farko dai shi ne an ga zanen a gidan makoki da bakin gadon asibiti.

A tsallaken iyaka al'adar buga atamfar tunawa ta fi ƙarfi, kamar yadda aka gani lokacin ziyarar Fafaroma Benedict na 16 a Benin a Nuwamban 2011. Can ne kuma, a Porto Novo, Samuel Oshoffa ya kafa cocin Selestiyal a 1947, wanda farar doguwar rigar mabiyansa da tafiya ba takalmi suka ishe su gabatarwa.

Gwanjo ya rikita lissafi

In aka kwance dilar gwanjo ranar kasuwa, cikin abin da ke zubowa akwai rigunan tarukan coci na Amurka da Turai, da sunan cocin da shekarar taron da ayar da aka zaɓa. Mai saye laushin yadi yake dubawa da kuɗin da ke aljihunsa. Shi ya sa za ka iya ganin matashi mai kamun kifi a bakin Kwara da rigar wani sansanin matasan coci, in an kira salla ya ɗora jamfa a kai ya bi sahu. Duk wanda ya ɗauki rubutun riga a matsayin shaidar addinin mai ita a wannan yanki zai sha kunya.

Me doka ta ce?

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin bayyana addininsa da yaɗa shi. Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, dokar da ke hawa kan Musulmi, amma haramcin cin zarafin addinin wani yana kan kowa. Benin kuwa tsarin mulkinta na 1990 ya ce gwamnati ba ta da addini. Rigar da ke faɗin abin da mai ita ya yi imani da shi ba ta saɓa doka ba. Wadda ke gugar zana ga addinin maƙwabci ita ce ke jawo fitina, tun ma kafin a je gaban alƙali.

Inda ake samun saɓani

Hoto ne na farko. Musulmi suna girmama Nana Maryamu, akwai sura guda da sunanta a Alƙur'ani, amma da yawa ba sa yarda a zana surar annabawa da salihan bayi. Zanen Katolika mai hoton Maryamu kan jawo tambaya, haka kuma yakan sa a ƙi karɓarsa in aka kai shi a matsayin tukuici ko gudummawar biki.

Na biyu a cikin coci yake. Zane yana tsufa, kuma a gidan Bahaushe tsohon zane ba ya zaman banza: ya zama majanyin goyo, ya koma shimfiɗar jariri, daga ƙarshe ya zama tsumman goge daɓe. Wasu dattawan coci na ganin bai dace yadi mai sunan Allah ya bi wannan hanya ba, damuwar da malaman Musulunci ma suke nunawa game da kaya masu ayoyi. Akwai kuma batun kuɗi, domin duk babban taro da sabon ankonsa, kuma gwauruwar da ba ta iya yankar yadi shida ba takan zauna a benci na baya ko ta ƙi zuwa gaba ɗaya. A wasu majami'u mata kan yi karo-karo su saya mata, a wasu kuma an bar kowa ta zo da tsohon da take da shi.