Bakin wanda ya tsira da wuyan wanda ake zargi: abin da ya kamata ku sani

Ranar Litinin 26 ga Janairu, 2015, kwana uku da rasuwar Sarki Abdallah, aka sare kan wani malamin Larabci a Jidda mai suna Musa bin Sa'id al-Zahrani. Shekararsa 45, 'ya'yansa shida. Shi ne mutum na farko da aka zartar wa hukuncin kisa a zamanin Sarki Salman. Ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya ta ce an same shi da laifin yaudarar ƙananan yara mata, ya ba su abin maye, ya yi lalata da su. Tun 2011 aka kama shi, a lokacin jaridun ƙasar suna maganar yara 13. Shari'ar ta bi matakanta: kotun farko, kotun ɗaukaka ƙara, kotun ƙoli, sannan umarnin sarki, wanda in babu shi ba a kai kowa gaban hauni.

A takarda magana ta ƙare. A bakin mutane kuwa ba ta ƙare ba. Shi Zahrani bai taɓa amsa laifin a bainar jama'a ba. Daga kurkuku ya fitar da bidiyo yana roƙon Sarki Abdallah, yana cewa sharri aka ƙulla masa. 'Yan'uwansa suka shiga gidajen talabijin suna cewa akwai tufka da warwara a hujjojin, har suka yi iƙirarin cewa an ci gaba da irin wannan ta'asa a Jidda alhali shi yana tsare. A Twitter mutane suka rabu biyu, masu cewa an zalunce shi da masu cewa Allah Ya ƙara. Iyayen yaran kuma, waɗanda ba a cika jin muryarsu ba, suna da nasu ciwon da babu wanda zai ɗauke musu.

Yaran nan ba kashe su aka yi ba, sun rayu sun ba da labari. Wannan ya sa shari'ar ta shiga sahun wata tsohuwar matsala da ta dami masu bincike a duniya, musamman a kan masu kisan ɗauki ɗai-ɗai. Wanda ya sha da ƙyar shi kaɗai ya ga fuskar mugun, don haka maganarsa ta fi ta kowa daraja. Ita ce kuma ta fi saurin lalacewa, ko dai a ƙi sauraronta, ko a lanƙwasa ta har ta nuna wanda ba shi ba.

Mu fara da ƙin sauraro. A arewacin Ingila, tsakanin 1975 da 1980, wani direban babbar mota mai suna Peter Sutcliffe ya kashe mata 13, ya kuma yi yunƙurin kashe wasu bakwai. Daga cikin waɗanda suka tsira akwai masu cewa mutumin gemu gare shi, baƙin gashi, kuma harshensa na 'yan yankin Yorkshire ne, wato ɗan gida. Wata yarinya 'yar shekara 14 da ya rotsa wa kai da guduma a 1975 ta siffanta shi har aka zana fuskar da ta yi kama da shi ƙwarai. 'Yan sanda suka ajiye maganarta gefe, don sun riga sun yanke cewa karuwai kaɗai yake farauta, ita kuwa 'yar makaranta ce. A 1979 wani ya aiko musu da kaset yana cewa shi ne makashin, da karin harshen wani gari daban, Sunderland. Suka rungumi kaset, suka watsar da matan da suka ji muryar mutumin da kunnensu. Sau tara suka yi wa Sutcliffe tambayoyi suna sakinsa. Bayan kaset ɗin ya ƙara kashe mata uku. Abin da ya kama shi a Janairun 1981 lambar mota ce ta jabu, a birnin Sheffield. Mai kaset ɗin kuwa, wani John Humble, sai a 2005 gwajin ƙwayoyin halitta ya tona asirinsa: maƙaryaci ne kawai, bai kashe kowa da hannunsa ba.

Ɗaya gefen ya fi wuyar haɗiya, domin mu mun tashi da cewa gani ya kori ji. To, ido ma yana kuskure, balle idon wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya cikin duhu. Mai firgita makamin yake kallo, ba hanci da girar mai riƙe da shi ba. Sannan tunani ba kamar hoto yake ba da za a ajiye a ɗauko yadda yake. Duk lokacin da aka sake tambayar mutum, ko aka nuna masa wata fuska, sabon yana iya hawa kan tsohon ba tare da ya sani ba. A 1984, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wata ɗaliba da aka yi wa fyaɗe ta dage ta ƙare wa mutumin kallo don ta gane shi daga baya. Ta nuna Ronald Cotton a hoto, ta sake nuna shi a jerin mutane, ta rantse a kotu. Ya yi shekara goma da ɗoriya a kurkuku kafin gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna a 1995 cewa wani ne daban. Ba ƙarya ta yi ba, ta yi imani da abin da ta faɗa. Ƙungiyar lauyoyi ta Innocence Project ta ƙirga cewa a cikin mutanen da irin wannan gwaji ya wanke a Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 kuskuren shaidar gani da ido yana cikin abin da ya kai su gidan yari.

Akwai wani abu da masu nazarin halayyar ɗan Adam suka daɗe da tabbatarwa, wanda ya shafi duk baƙar fata da ke zaune a Jidda: mutum ya fi yin kuskure wajen gane fuskar wanda ba jinsinsa ba. Duk wanda ya zauna a can ya san yadda ake haɗa Bahaushe da ɗan Chadi da ɗan Sudan a kira su da suna guda, Takari. Idan shaida ya ce "baƙi ne, dogo, siriri", ya siffanta rabin samarin unguwar Karantina.

Shahararren misalin kisan da har yau ba a warware ba shi ne na mutumin da ya raɗa wa kansa suna Zodiac a arewacin Kalifoniya. A 1968 da 1969 ya kashe mutum biyar da aka tabbatar, biyu suka tsira, ya riƙa aika wa jaridu wasiƙu yana yi wa 'yan sanda dariya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira bai ga fuskarsa ba sam, don ya rufe kansa da baƙin ƙyalle. Ɗayan an haske masa ido da tocila kafin a harbe shi. Bayan shekara ashirin da wani abu aka nuna masa hotuna, ya ɗora yatsa a kan wani tsohon malamin makaranta, Arthur Leigh Allen, wanda 'yan sanda suka daɗe suna zargi. Amma rubutun hannun Allen bai dace da na wasiƙun ba, zanen yatsunsa bai dace ba, gwajin da aka yi a 2002 a kan ambulan wasiƙun ma bai nuna shi ba. Ya mutu a 1992 ba a taɓa gurfanar da shi ba. Littattafai da fina-finai sun riga sun yanke masa hukuncin da kotu ba ta yanke ba, ni kuwa a ganina nunin da aka yi bayan shekara ashirin, na fuskar da aka gani cikin daƙiƙu a bayan hasken tocila, bai kai a rataya wa mutum kisa a kansa ba.

Sai kuma iƙirari, wato mutum ya amsa laifi da bakinsa. Jama'a sukan ce ai shi ya faɗa, me ya rage? A Hwaseong ta Koriya ta Kudu an kashe mata goma tsakanin 1986 da 1991. A 1989 'yan sanda suka kama wani saurayi mai ɗingishi sakamakon shan inna, Yoon Sung-yeo, kan kisan wata yarinya 'yar shekara 13. Suka hana shi barci kwana uku, ya amsa. Ya yi shekara 20 a kurkuku. A 2019 gwajin ƙwayoyin halitta ya kai ga Lee Chun-jae, wanda dama yana ɗaure tun 1994 saboda kashe ƙanwar matarsa. Lee ya amsa kisa 14, har da na yarinyar. Kotu ta wanke Yoon a Disambar 2020, ƙuruciyarsa ta riga ta tafi. Kusa da gida, a Accra, an kashe mata sama da 30 daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000, abin ya kai mata suka fito zanga-zanga, ya zama maganar siyasa a zaɓen 2000. An yanke wa wani makanike, Charles Quansah, hukuncin kisa a 2002. 'Yan sanda suka ce ya amsa kashe mata da dama, shi kuma ya ce dukansa aka yi. Ko a lissafin 'yan sandan, akasarin gawarwakin nan babu wanda aka kama da laifinsu.

Abin lura a duka biyun shi ne matsin lamba. Idan gari ya ɗauki zafi, manya suna kiran waya, jaridu suna zagi, wanda ya fi saurin shiga hannu shi ne marar gata.

A Jidda ma mun ga haka, a kan ɗan Najeriya. A watan Satumbar 2002 rikici ya ɓarke tsakanin wasu mutane da baƙi masu wankin mota a unguwar Bab Sharif, wani ɗan sanda ya rasa ransa. Washegari aka yi kamen baƙi da yawa. An gurfanar da 'yan Najeriya 13, a 2005 aka yanke wa ɗayansu, Suliamon Olufemi, hukuncin kisa, sauran aka ba su ɗauri da bulala. Ƙungiyar Amnesty International ta ce ba su da lauya, ba su da tafinta, kuma Olufemi ya ce an azabtar da shi har ya dangwala yatsa a takardar Larabci da bai iya karantawa ba, daga baya ya ji wai iƙirari ne. Da yake hukuncin ƙisasi ne, sai aka jira ƙaramin magajin mamacin ya balaga, don magada ke da zaɓin a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Zaman kurkukun ya cinye masa fiye da shekara 20.

Abin mamaki, fiƙihun da kotunan suke aiki da shi ya fi kowa tsanani a wannan babi. Jumhurun malamai ba su karɓar iƙirarin wanda aka tilasta. A haddi, wanda ya amsa laifi yana iya janyewa. Ƙa'idar kuma sananniya ce, cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2001 aka sabunta a 2013, ta hana azabtar da wanda aka kama, ta ba shi damar ɗaukar lauya tun daga matakin bincike, ta kuma ce a nemo tafinta ga wanda bai jin Larabci. A 2024 aka ƙara da dokar kare masu kai rahoto da shaidu da waɗanda aka cuta. Tazarar tana tsakanin abin da ke rubuce da abin da baƙo marar harshe yake tararwa a ɗakin bincike da tsakar dare.

Wanda ya tsira daga hari, ko danginsa, abin da za su yi a kwanan farko shi ne kusan komai. A tafi asibiti kafin a yi wanka, kada a wanke tufafin. A faɗi siffar mutumin, a rubuta, kafin a fara yawo da hotuna a WhatsApp ana tambayar "wannan ne?", domin hoton farko da aka nuna yakan zauna a kai ya kori ainihin fuskar. In an jera mutane, halal ne a ce ba ya cikinsu, ko a ce "yana kama, amma ban tabbata ba". Yaro kuma a bar shi ya faɗa da kalmominsa, sau ɗaya, ga wanda ya san aikin. In uwa ta tambaya, goggo ta tambaya, maƙwabciya ta zo da nata, kafin mako ya zagayo yaron yana maimaita abin da ya ga ana son ji. Lambar gaggawa a yankin Makka, har da Jidda, ita ce 911, ta kai ƙarar cin zarafin yara kuma 116111.

Akwai wadda wannan shawara ba ta isa gare ta da sauƙi: matar da ba ta da igama, wato takardar izinin zama, mai aikatau ko talla, wadda ta san in ta je wurin askarawa da jini a jikinta tana iya ƙarewa a Tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Masu irin wannan ta'asa sun san da haka, shi ya sa suke zaɓen waɗanda ba za a yi cigiyarsu ba. A Yanbu, arewa da Jidda, mata uku da wani ɗan Yaman ya kashe tsakanin 2007 da 2009 duk 'yan aikin gida ne daga Asiya. Mai irin wannan hali ta nemi wani mai takarda da ta amince da shi ya raka ta, a kuma sanar da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta da ke Jidda tun kafin a shiga ofishin 'yan sanda. Wanda aka kama kuma, ko yana da laifi ko ba shi da shi, ya nemi tafinta da lauya, ya ce a sanar da ofishin jakadanci, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.