Fitilar Da Ke Gaban Direba: Birki, Sitiyari Da Riƙon Taya

A Apo ta Abuja, unguwar da ta yi suna wajen gyaran motoci da cinikin kayayyakinsu, haka kuma a sauran garejojin ƙasar nan, akan kawo mota wata 'yar fitila mai rubutun ABS tana ci a gaban direba. Waɗansu masu mota sukan ce a cire ƙwan kurum, tun da mota tana tafiya. Wannan ganganci ne, ga kuwa dalili.

Ƙaramar mota wuri huɗu kaɗai take taɓa ƙasa, kowanne misalin tafin hannu. Birki da sitiyari duk a nan ƙarfinsu yake ƙarewa.

Idan direba ya taka birki, ƙafarsa takan tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafun mota. Can man zai matse waɗansu faranti masu kaushi jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gudu ya ragu. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka in iska ta shiga bututun sai birki ya yi laushi. Abin lura kuma, in an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka sau huɗu.

Shi kuwa sitiyari, in an murza shi yakan tura wani sandan ƙarfe mai haƙora dama ko hagu, sandan ya karkata tayoyin gaba. Amma tayar da ke juyawa ce take bin umarninsa. In an danne birki har ta kafe, sai ta yi ta sulɓi, mota ta miƙe inda ta dosa, kome murzawar direba.

Maganin wannan shi ne ABS, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da shi a 1978. Kowace ƙafa tana da na'urar ƙidaya juyawarta. Da kwamfutar mota ta ga wata taya za ta kafe, sai ta sassauta mata birki ta sāke kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Nan direba zai ji birki yana karkarwa. Ba lalacewa ba ce. Ya ci gaba da dannewa, yana sarrafa sitiyari. Sai dai a kan tsakuwa ko rairayi nisan tsayawa yana iya ƙaruwa.

Da waɗannan na'urori ne kuma mota ke hana taya zamewa wajen tashi. In an ba da wuta a laka ko jiƙaƙƙiyar kwalta, taya ɗaya ta kama juyawa a banza, kwamfutar takan kama ta da birki ko ta rage ƙarfin inji. A 1995 aka ƙaro dabarar da ke daidaita mota in ta fara kaucewa a kwana.

To, fitilar nan in ta ƙi mutuwa bayan an ta da inji, ma'anarta birki na nan, amma wannan kariya ta tsaya. Sau da yawa waya ce ta tsinke, ko datti ya rufe na'urar. Wajibi ne mai mota ya sa a binciko cutar a gyara, musamman kafin damina, ya kuma canja tayar da ta cinye. Cire ƙwai ɓoye ciwo ne, kuma rigakafi ya fi magani.