In Injin Ƙaramin Jirgin Sama Ya Mutu A Sama

Wani mai sauraronmu daga Agadas ya aiko da takarda yana tambaya: wai shin in injin ƙaramin jirgin sama, irin mai farfela guda, ya mutu ana cikin tafiya, jirgin rikitowa yake yi kamar dutse? In kuma ya sauka inda ba kowa, yaya ake gano shi?

To malam, mun gode da takardarka. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Ba inji ne ke riƙe jirgi a sama ba, fukafukai ne, muddin iska na ratsa su da ƙarfi. Aikin inji shi ne jan jirgin gaba. In ya mutu, sai matuƙi ya ɗan sunkuyar da kan jirgin, ya riƙa gangarowa a hankali, kamar yadda kake ganin shirwa na shawagi ba ta kaɗa fiffike. Jirgi irin Cessna 172, in yana mita 1,000 daga ƙasa, yana iya cin kusan kilomita 9 kafin ya dira. A 'yan mintocin nan ne matuƙi zai nemi fili, ya gwada tayar da injin, ya yi kira ta rediyo, sannan ya fuskanci iska ya sauka. Sau da yawa ma ba wani babban abu ne ke kashe injin ba. Mai ne ya ƙare, ko ruwa ya shiga cikinsa, ko ƙanƙara ta toshe kafireta.

Tambayarka ta biyu ita ce mai wuyar, kuma a ganina nan ne haɗarin ya fi yawa. Ka ji labarin Kyaftin Bill Lancaster, Baturen Ingila. A watan Afrilu na 1933 ya taso shi kaɗai a ɗan jirginsa zai je Afirka ta Kudu. Ran 12 ga wata da yamma ya bar Reggane ta ƙasar Aljeriya ya nufi Gao, gajiya duk ta cinye shi. Bai yi nisa ba injin ya mutu, ga duhu ya yi, jirgin ya kife a tsakiyar Sahara. Ya ji ciwo a ka amma ya fito da ransa. Kwana 8 ya yi a inuwar fiffiken jirgin, yana kurɓar ɗan ruwansa kaɗan-kaɗan, yana rubuta halin da yake ciki, da dare ya yage ƙyallen jirgin ya cinna masa wuta ko wani ya hango. Masu nema kuwa can kudu wajen Gao suka fi mai da hankali. Sai a 1962, bayan shekara 29, sojojin Faransa suka tsinci gawarsa da littafin nasa.

Bai yi kuskure ba da ya ƙi barin jirgin. Har gobe abin da ake koya wa matuƙa ke nan, don daga sama an fi saurin hango jirgi a kan mutum guda. Abin da ya rasa shi ne hanyar faɗin inda yake. Yanzu ana sa wa jirage wata 'yar na'ura da ke kunna kanta in jirgi ya bugu da ƙasa, ta aika da sigina ga taurarin ɗan'adam, su kuma su isar wa masu ceto. Tun 1982 aka fara ceton mutane ta wannan hanya.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Agadas.