Canza tablon wuta na gida: abin da doka ta yarda a taɓa, da inda kuɗin ke tafiya

Da zarar zafin Afrilu ya kama, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, labarin ɗaya ne a gidaje da yawa. Fanka na juyawa, firigo na aiki, sai a jona dutsen guga, wuta ta ɗauke a gidan kaɗai alhali maƙwabta na da tasu. In akwatin wutar tsoho ne mai fuzibil, sai wani ya samo zaren waya ya ɗaura a gurbin wanda ya ƙone. Wutar ta dawo, amma an cire wa gidan mai gadinsa. Fuzibil siririyar waya ce da aka yi don ta narke kafin wayoyin cikin bango su yi zafi. In aka sa mai kauri a madadinta, wayar bangon ce za ta ƙone, kuma daga nan gobara ke tashi.

Maganin shi ne a canza akwatin, wanda masu gyaran wuta ke kira tablo, a sa na zamani mai dizonktar, wato madannin da ke faɗuwa da kansa in kaya sun yi yawa, a sake tada shi da hannu. Kafin a kira mai aiki, ya kamata maigida ya san abu uku.

Ina iyakar NIGELEC, ina iyakar maigida?

Wayar da ta taso daga falwaya, da kontar, da babban dizonktar da ke kusa da shi, ɓangaren NIGELEC ne, shi ya sa ake ɗaure su da dalma. Maigida na iya kashe babban madannin don a yi aiki lafiya, amma ba shi da izinin tsinke dalmar, ko buɗe kontar, ko matsar da shi zuwa wani bango. Yin haka ana ɗaukarsa satar wuta, yana jawo tara da yanke wuta, ko da mai gyara ne ya yi da sunan taimako. Dokar lantarki ta 2016 ce ke tafiyar da wannan fanni a Nijar, hukumar ARSE kuma ke sa ido a kansa.

Duk abin da ya biyo bayan babban dizonktar, wato tablo da wayoyi da piriz da fitilu, nauyin mai gidan ne. A nan ne mutane ke yawan ruɗewa. Sabon tablo ba ya ƙara ƙarfin wutar da ke shiga gida. A wutarmu mai volt 220, amper 10 na ɗaukar kaya na wat 2,200 ne kawai. In babban dizonktar ne ke faɗuwa duk sanda aka kunna kilim, ƙarfin da aka yi rajistarsa ne ya yi kaɗan, kuma ofishin NIGELEC ake zuwa a nemi ƙari. In kuwa gidan haya ne, a zauna da mai gidan tukuna, a rubuta wanda zai biya da yadda za a cire daga kuɗin haya.

Me ƙa'ida ta ce a sa a ciki?

Ma'aunin da ƙwararrun masu sana'a ke bi a ƙasashe masu amfani da Faransanci shi ne ƙa'idar NF C 15-100. Ga muhimman abubuwan da ta tanada.

Kowane layi da dizonktar nasa, daidai da kaurin wayarsa. Wayar fitilu mai milimita 1.5 ba a sa mata abin da ya wuce amper 16. Wayar piriz mai 2.5 ba ta wuce amper 20. Na'ura mai cin wuta sosai, kamar kilim ko tukunyar ɗuma ruwan wanka, ana ja mata layinta ita kaɗai. Wanda ya sa dizonktar mai amper 32 a kan siririyar waya don ya daina faɗuwa, bai bambanta da mai ɗaura zaren waya ba.

Sai difaransiyal mai miliamper 30. Dizonktar waya yake karewa, shi kuwa wannan mutum yake karewa. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ya ga wata ta zurare, misali ta jikin yaron da ya taɓa firigo da jiƙaƙƙen hannu, sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. Ƙa'idar ta ce kada a ɗora layi fiye da 8 a kan guda ɗaya, kuma a sa aƙalla biyu a gida, don in ɗaya ya faɗi kada ko'ina ya yi duhu.

Na uku shi ne wayar ƙasa, mai launin kore da ɗorawa, wadda ke haɗe da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita. A busasshen rairayi irin namu sandar ba ta aiki sosai sai ta yi zurfi, ko an kafa ta inda ke da damshi, don haka a nemi mai aikin ya auna da na'ura. Bai kamata awon ya wuce om 100 ba. Mai janareto ko batiran hasken rana kuma dole ya sa madannin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan falwaya ta kama ma'aikacin da ke gyara.

Ina kuɗin ke tafiya?

Akwatin roba ba shi ne ke cin mafi yawan kuɗin ba. Abin da ke ciki ne ke ɗaga lissafi, kuma difaransiyal guda ya fi ƙaramin dizonktar tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa in aka ga devi mai arha fiye da kima, galibi shi da wayar ƙasa aka zare.

A ɗauki gida mai ɗaki biyu da falo: layi 2 na fitilu da fanka, 2 na piriz, 1 na kicin, 1 na kilim. Dizonktar 6 ke nan, da difaransiyal 2 masu cin gurbi biyu-biyu, jimilla gurbi 10. Akwati mai gurbi 13 ya isa, har a bar sarari don gaba, kamar yadda ƙa'ida ta so. A kan wannan sai a ƙara sandar ƙasa da wayarta, da kuɗin aiki. In an tarar wayoyin bango sun ƙone ko sun yi siriri, canza su na iya fin tablon duka tsada, don haka a duba su kafin a yanke ciniki. In kamfani ne mai rajista, a tambaya ko harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari na cikin farashin: a aikin jika 100, ƙarin jika 19 ne.

A karɓi devi a rubuce daga mutum biyu ko uku, kowane kaya da sunansa da amper nasa da farashinsa, kuɗin aiki daban. Kasuwa cike take da jabun kaya masu ɗauke da sunan Legrand ko Schneider, waɗanda ba sa faɗuwa ranar da ake buƙata. A saya a kantin da ke ba da faktir.

Ranar da aka gama, maigida ya tsaya a danna maɓallin gwaji na kowane difaransiyal a gabansa. In wuta ba ta yanke ba, kada a biya sauran kuɗin. A rubuta sunan kowane layi a jikin akwatin, a riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci. In aka ji ƙaurin roba, ko aka ga baƙi a jikin tablo, a kashe babban madanni nan take. In wuta ta riga ta kama, kada a watsa ruwa: a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.