Tsohuwar ThinkPad da Sukudireba: Yadda Ake Sabunta Ƙaramar Kwamfuta

A shekarar 2011 kamfanin Lenovo ya fitar da wata ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka mai suna ThinkPad X220. Girman fuskarta inci 12.5 ne, nauyinta kuwa kusan kilo ɗaya da rabi, tana shiga jakar ɗalibi ba tare da ta karya masa kafaɗa ba. Shekara guda bayan haka ƙanwarta X230 ta biyo baya. Har yau ana cin karo da su cikin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja, kuma masu gyara suna ji da su saboda dalili ɗaya: an ƙera su yadda za a iya kwance su da sukudireba.

Abin da masu gyara ke fara taɓawa shi ne ma'ajiyar bayanai. Yawancin waɗannan kwamfutoci sun zo da HDD, wani faifai da ke juyawa ana karanta shi da ɗan hannu mai motsi, shi ya sa kunnawa kaɗai ke cin lokaci. SSD da ake maye gurbinsa da shi kuwa ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya jin tsoron girgizar mota ko babur. A X220 da X230, noti ɗaya ake kwancewa a gefe, a zaro tsohon a zura sabo. Abin lura kawai shi ne kauri: ramin na ɗaukar mai milimita 7 ne, wanda ya fi haka ba zai shiga ba. Akwai kuma wani ƙaramin gurbi a ƙarƙashin inda tafin hannu ke hutawa, wanda aka yi don katin layin waya, amma yana karɓar ƙaramin SSD nau'in mSATA. Da shi, mutum zai iya samun ma'ajiya biyu a kwamfuta ɗaya.

Sai RAM. Idan ma'ajiya ita ce kabad ɗin tela, RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi: in ya yi ƙanƙanta, sai ya yi ta naɗewa yana buɗewa. Gurbi biyu ke ƙarƙashin wani ɗan murfi a bayan kwamfutar, kowanne na ɗaukar gigabait 8 na DDR3, jimilla 16. Ga mai buɗe shafukan intanet da yawa, 8 ma ta isa ta sauya al'amura. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki kuwa an liƙe ta da dalma, ba ta canzuwa, saboda haka tun wurin saye ake zaɓe tsakanin Core i3, i5 da i7.

Inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, batir ne ke da magana. Ana cire shi daga waje da yatsa biyu, kuma akwai mai ƙwaya 4, 6 da 9. Mai 9 ya fi daɗewa, sai dai yana ɗan turowa ta baya. Ƙurar hunturu da zafin bazara ma suna da nasu aiki: fanka kan toshe, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Share fanka da sa sabon mai kan rage zafi da hayaniya.

Daga nan sai kwalliyar masu sha'awa. X220 ta zo da kibod mai layi 7 wanda marubuta ke yabawa, X230 kuma da sabon salo mai layi 6. Da yake jikinsu kusan ɗaya ne, wasu na ɗora tsohon kibod a kan X230, su gyara manhajar ciki don maɓallan su yi daidai. Wasu suna musanya fuskar TN mai dishi-dishi da ta IPS, wadda launinta ba ya gushewa ko daga gefe aka kalla. Katin Wi-Fi ne ke da gardama, domin BIOS ɗin Lenovo, wato manhajar da ke tada kwamfutar, yana ƙin katin da ba ya cikin jerinsa, abin da ya sa ƙwararru ke maye gurbin BIOS ɗin da wata manhaja mai suna Coreboot. Wannan aiki ne da kuskure kaɗan zai iya hana kwamfutar tashi.

Batun manhaja ya ƙara zafi tun 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 a hukumance ba ya karɓar waɗannan tsofaffin ƙwaƙwalen, shi ya sa da yawa suka koma Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi.

Sauƙin sauya kayan cikin kwamfuta kuwa ya fara ja da baya tun 2013, lokacin da X240 ta fito da gurbin RAM ɗaya tak. A MacBook Air da ThinkPad X1 Carbon, RAM ɗin a liƙe yake gaba ɗaya. Don haka mai sayen kwamfutar hannu ya dace ya tambayi gurbi nawa ne, ya tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba, sannan ya sauke littafin gyara da Lenovo ke bayarwa kyauta, wanda ke nuna wurin kowane noti. Kafin a kwance ko ɗaya, a zare caja, a cire batir, a kwashe bayanai zuwa wata ma'ajiya.