Gara Ma Malamar Gini Ce

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, duk mun san yadda aji yake zama a watan Maris da Afrilu. Kwano ya ɗauki rana, bulo ya ɗauki zafi, kowa na fifita da littafi. Amma a daidai lokacin, zaurukan ƙasa na cikin garin Daura suna da sanyi. Me ya kawo bambancin? Dabarar maginanmu na da ta yi kama da ta halittun Allah.

Mu fara da suri. Gara tana kwaɓa ƙasa da yawunta, ta yi gini mai faɗin gindi da tsinin kai. A ciki akwai ƙananan hanyoyi da iska ke bi. Katangar tubali ma haka take, ƙasanta kauri, samanta siriri. Kaurin nan yana tare zafin rana, ba ya isa cikin ɗaki da wuri. Shi kansa tubalin ana mulmula shi ne kamar ƙwai, a shanya a rana, a jera shi tsinin yana kallon sama.

Sunayen sassan gini ma daga halitta aka samo su. Tsinin da ake yi a kusurwar soro, irin na fadar Mai Martaba Sarkin Daura, sunansa zanko, kamar na zakara. Lanƙwasar da ke riƙe rufin soro kuwa ana ce mata bakan gizo, kamar wanda muke gani a sama da damina. Da irinta Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. Kayan aikin ma na daji ne: azara daga giginya, wadda gara ba ta ci da sauƙi, sai makuba daga ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwa.

Masu zanen gini na zamani ma suna kwaikwayon halitta. A birnin Harare na ƙasar Zimbabuwe akwai ginin Eastgate da aka buɗe a 1996. Mai zanensa, Mick Pearce, suri ya kalla. Da dare fankoki suna jawo iska mai sanyi, kankare ya riƙe sanyin. Da rana iska mai zafi tana fita ta bututun da ke sama. Saboda haka ginin ba ya cin wuta kamar masu dogaro da na'urar sanyaya ɗaki.

To, mu fa? A cikinmu akwai masu son zama injiniyoyi da masu zanen gini. Muna ba su shawara, in sun ga suri ko gidan zanzaro ko sheƙar tsuntsu, su zana shi a littafi, su tambayi kansu: ta ina iska take shiga, me yake riƙe nauyin? Muna kuma roƙon malamanmu su gayyato mana wani tsohon magini ya nuna mana yadda ake ɗaura bakan gizo, tun masu iyawa ba su ƙare ba.